Ribar da ba riba ba: yadda darajar jif ke zubewa daga Amurka zuwa Kano

A ƙarshen 2024 wani maƙwabcina ya sayar da Highlander ɗinsa, baƙa, ƙirar 2012, bayan ya shekara uku da rabi yana hawa. Muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i sai ya ce da ni, "Malam, ka san yanzu mota ta fi fili riba? Miliyan 8 na saye ta, miliyan 14 na sallama. Na ci moriyarta, ga kuma miliyan 6 a sama." Na ce masa, "Alhaji, Allah ya sanya albarka." Ban so in rage masa jin daɗi a daren ba. Amma da na shiga gida sai na ɗauki biro. Lokacin da ya saya, a tsakiyar 2021, dala tana wajen naira 500 a hannun 'yan canji, ke nan ya zuba dala 16,000. Lokacin da ya sayar dala ta haura naira 1,600, ke nan abin da ya shigo aljihunsa bai cika dala 9,000 ba. Motar ta zubar da kusan rabin darajarta a hannunsa, shi kuwa yana ta karɓar barka.

Motocin da muke kira jif masu matsakaicin jiki, irin su Toyota Highlander da Lexus RX da Honda Pilot da Ford Explorer da Edge da Hyundai Santa Fe da Kia Sorento, kusan duk waɗanda ke yawo a titunanmu daga Amurka ko Kanada suka fito. Don haka duk wanda ke son gane yadda kuɗinsu ke narkewa, dole ya fara daga can, daga ranar da aka zare musu leda.

A 2009 aka fara haɗa Highlander a garin Princeton na jihar Indiyana. Ba'amurken da ya je wurin dila ya saye ta sabuwa dal ya biya abubuwa da dama da ba ƙarfe ba: ribar dilan, harajin sayayya na jiha, kuɗin rajista, kuɗin ɗauko ta daga masana'anta. Da ya fito da ita bakin titi, duk waɗannan sun tafi, babu mai saye na biyu da zai biya shi su. In ya juya ya ce ya fasa, dilan zai taya ta ne a farashin sari. Akwai kuma zargi. Masanin tattalin arziƙi George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin wannan tun 1970: mai mota ya san aibinta, mai saye bai sani ba, saboda haka mai saye yakan rage tayi don ya kare kansa, ko da motar lafiyarta ƙalau. Mu ma da haka muke ciniki. In mutum ya kawo mota 'yar wata shida kasuwa, tambayar farko ita ce, "Me ya sa zai sayar?"

Shi ya sa faɗuwar shekarar farko ta fi kowace zafi, a taƙaice wajen kashi 20 cikin 100. Daga nan sai ta riƙa raguwa a hankali, har zuwa shekara biyar mota ta zubar da tsakanin kashi 40 zuwa 50 na kuɗinta, gwargwadon iri da yanayin kasuwa. Mu buga misali da jif ta dala 40,000. Shekarar farko ta koma 32,000. In daga nan tana rasa kashi 10 na abin da ya rage duk shekara, a shekara ta biyar tana wajen 21,000, a ta goma wajen 12,400. Duba bambancin: shekarar farko kaɗai ta ci dala 8,000, ta goma kuwa ba ta ci 1,400 ba. Mota ɗaya ce, aiki ɗaya take yi wa masu ita, tana kai yara makaranta tana dawo da su, amma wanda ya fara hawa ya biya kuɗin hawan ninki biyar da ɗoriya a kan wanda ya hau a shekara ta goma.

Gangaren nan ba sumul yake ba, yana da matakala. Ta farko tana shekara ta uku. Amurkawa da yawa ba sayen mota suke yi ba, haya suke ɗauka ta wata 36, su mayar wa kamfani su ɗauki sabuwa. Sai ka ga dubban motoci iri ɗaya, shekara ɗaya, sun dawo kasuwa lokaci guda, kuma in kaya ya yi yawa sai ya karye. A daidai wannan lokaci ne garantin Toyota na gaba ɗaya ke ƙarewa, shekara 3 ko mil 36,000, na inji da giya kuwa shekara 5 ko mil 60,000. Hyundai da Kia suna ba da garantin inji na shekara 10 ko mil 100,000, amma ga mai saye na farko kawai. Da zarar ta canza hannu ya koma shekara 5. Wata matakalar ita ce malejin mil 100,000, wato kilomita 160,000. Babu abin da ke lalacewa a inji don kawai maleji ya tsallaka wannan adadi, amma a idon mai saye mil 98,000 da mil 102,000 ba ɗaya ba ne. Sai kuma sauyin fasali. Highlander ta sake kama a 2008 da 2014 da 2020, kuma duk ranar da sabuwar ta fito, ta jiya ta zama tsohon yayi ko da ba ta yi ko ƙwarzane ba.

Ba duk jif ke gangarawa da gudu ɗaya ba. Toyota 4Runner ta yi suna wajen riƙe kuɗinta, Highlander ma ba baya ba. Manyan na ƙawa kuwa, irin su BMW X5 da Range Rover Sport, sukan zubar da fiye da rabi cikin shekara biyar. Dalilin ba boyayye ba ne. Attajirin da ke da kuɗin gyara su sabuwa yake so, wanda ke son tsohuwar kuma ba shi da kuɗin gyaran. Mai saye na biyu ba ƙarfen da ke gabansa kaɗai yake tayawa ba, yana taya har da wahalar da yake hange.

An taɓa ganin ruwa ya yi gudu sama. A 2021 ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci, bayan annobar korona, ya tsayar da masana'antu, sababbin motoci suka yi wuya, farashin na hannu a Amurka ya tashi da sama da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Wasu sun sayar da motocinsu fiye da yadda suka saya. Abin bai ɗore ba, da kaya suka wadata gangaren ya dawo. Amma mu lura, a daidai wannan tsadar maƙwabcina ya sayi tasa.

Yanzu ga inda muke shigowa. Ɗan Najeriya ba ya sayen mota a tsinin gangaren, yakan jira ta a inda ya kwanta, shekara takwas, goma, goma sha biyu, bayan Ba'amurke ɗaya ko biyu sun riga sun sha zafin asarar. Wannan dabara ce mai kyau, ko da talauci ne ya koya mana ita. Sannan mafi yawan abin da ake lodowa ba daga gaban shagon dila ake ɗauko su ba, daga gwanjon Copart da IAA ne, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari. A can ladan bakanike na awa guda a garejin dila yakan haura dala 100, kuma ba a miƙe ƙarfe, cirewa ake yi a sa sabo. Jif mai shekara goma da ta daki wata ta baya, bamba da fitilu da lagireto suka fashe, jakar iska ta sitiyari ta buɗe, kuɗin gyaranta na iya kusantar kuɗinta gaba ɗaya. Sai inshora ta biya mai ita, a buga wa takardarta hatimin cewa ta tashi aiki, darajarta ta faɗi warwas a rana ɗaya. A Legas ko Kano kuwa mai gyaran jiki da guduma da wutar walda zai tashe ta cikin mako biyu a kan kuɗin da bai kai ladan kwana biyu na takwaransa na can ba. Mota ɗaya, daraja biyu, kuma tsakanin darajojin nan biyu ne duk sana'ar shigo da tokumbo take rayuwa.

Illar ita ce cinikin biri a sama. Hoto ake gani a waya a yi tayi. Wadda ta ci duka a gaba da sauƙi, ana ganin raunin. Mugun kaya ita ce wadda ta sha ruwa. Guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston a 2017 ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa, kuma irin waɗannan jikinsu sumul yake fitowa, sai bayan watanni wayoyi su fara tsatsa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilar gargaɗi ta kama, jibi ƙwaƙwalwar motar ta rikice. Waɗanda suka fito daga jihohin sanyi irin su Mishigan da Ohayo kuma gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara yakan cinye musu ƙasa.

Kafin ta iso filin dila a Kano an ɗora mata kuɗin gwanjo, kuɗin jan ta zuwa gaɓar teku, kuɗin jirgi, kuɗin fito a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas, ladan mai fitarwa, kuɗin tirela ko direban da zai kawo ta Arewa. Da can hanyar Kwatano ce ke rage zafi, a sauke mota da sunan Nijar, ta bi ta Maraɗi ta faɗo ta Jibiya, har sunan ya bi motocin. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. A 2022 kuma hukumar kwastan ta koma ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi, abin da ya toshe ƙofar rage wa mota shekaru a takarda. Duk lokacin da shigo da tokumbo ya ƙara tsada, motocin da suka riga suka shigo sai su samu tudun dafawa. Wani ɓangare na abin da ke riƙe farashin tsohuwar jif a nan, ke nan, ba nagartarta ba ce, tsadar ƙofar shigowa ce.

Sai faɗuwa ta biyu, wadda ita ce tamu ta gida. Ranar da aka ɗaura wa tokumbo lamba, ta tashi daga Baljiyam, wato wadda ba a taɓa hawa a nan ba, ta koma ta hannu, kuma kuɗinta ya sauka nan take ko da sati biyu aka yi ana hawa. Abin dariya ne in ka tsaya ka duba: motar da ta yi shekara goma da mil 130,000 a Teksas ana kallonta kamar amarya, amma wata uku a Kano sun mai da ita bazawara. Sai dai kasuwa ba hauka take yi ba. Ta san ramukan titunanmu, ta san gurɓataccen mai, ta san baƙin man da ake aunawa a galan a bakin hanya, ta san bakaniken da zai cire na'urar daidaita zafin inji ya jefar ya haɗa fanka kai tsaye ya ce ai ƙasarmu da zafi. Zargin nan na Akerlof ne ya dawo, da rawani. Shi ya sa za ka ga mutum yana yawo wata da watanni ba lamba, ko da lambar dila, don kada motar ta rasa sunanta.

Na taɓa raka wani abokina duba wata jif a filin sayar da motoci, muka tafi da bakanikensa, wani dattijo mai ƙarancin magana. Bai fara da tayar da inji ba. Ya bi gefen ƙofofi da ɗan yatsa yana neman kaurin fenti. Ya buɗe bonet ya duƙa kan notocin da ke riƙe da fikafikan gaba, yana duba ko sifana ta taɓa cin kansu. Ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ya shinshina, ya ɗaga kafet ɗin but ya shafa ƙarƙashin safaya yana neman busasshen laka. Ya kwanta ya leƙa salansa don ya ga ko tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, tana nan ko an fashe an kwashe cikinta an sayar. Daga nan ya kalli maleji, ya kalli robar feda da fatar sitiyari, ya yi murmushi. Malejin na cewa mil 70,000, fedar birki kuwa ta suɗe har ƙarfe na leƙowa. A ƙarshe ya je gilashin gaba ya ƙirga harufan lambar shasi da farce. Guda 17 ne, kuma na goma shi ke faɗin shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Dillalin yana ta rantsuwa 2012 ce, fitilu da bamba ma na 2012 ne, amma na goman 9 ne. An yi mata sabuwar fuska ne kawai. Dattijon ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce da abokina, "Alhaji, motar ba ta da laifi, amma a taya ta a kuɗin 2009." Dillalin ya ce albarka. Kafin mu kai bakin ƙofa ya biyo mu.

Kowane abu da dattijon ya taɓa kuɗi ne. Fentin asali yana da farashinsa, injin da ba a taɓa buɗewa ba yana da nasa, esi mai sanyi da nasa, takardun kwastan na gaskiya da nasu, don babu mai son a tare shi a hanyar Kaduna a ce kuɗin fitonsa bai cika ba.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a kasuwarmu shi ne amsar tambaya ɗaya: in ta lalace, wa zai gyara, kuma ina kayan? A nan Toyota ta yi wa sauran fintinkau. Injin silinda shida mai lita 3.5 da ke cikin Highlander daga 2008 zuwa 2022, shi ne a Lexus RX 350 da ES 350 da Sienna da Avalon da Venza da Camry mai silinda shida. Ke nan duk wadda ta mutu a cikinsu ta bar wa 'yan uwanta gado, kuma daga Ladipo a Legas zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, zuwa Panteka a Kaduna da Apo a Abuja, ba za ka rasa kayan ba, ba za ka rasa yaron da ya taɓa kwance shi ba. Kwatanta da Ford Explorer ta 2011 zuwa 2019 ko Edge masu inji 3.5, waɗanda famfon ruwansu ke can cikin inji, sarƙar tayimin ke juya shi. Canza shi babban aiki ne, in kuma ya yi yoyo ta ciki ruwa na iya gauraya da baƙin mai. Ko Nissan Murano, da Pathfinder ta 2013 zuwa 2020, masu giyar CVT da ke aiki da bel ɗin ƙarfe maimakon haƙora, wadda ke son man giya nata na musamman, makanikanmu da yawa kuma ba su saba da ita ba. Motoci ne masu daɗin hawa, wasu ma sun fi Highlander kayan alatu a ciki. Amma a shekara ɗaya da tsafta ɗaya za ka same su da rahusa mai yawa, kuma ranar sayarwa sai sun daɗe a fili suna shan rana. Wannan daɗewar ma asara ce da ba a rubutawa. Highlander kuwa kamar zinaren mata take, in buƙata ta taso da safe, kafin la'asar an samu mai taya ta.

Sai 29 ga Mayun 2023 ta zo, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Tankin Highlander yana cin wajen lita 72. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200, da naira 14,000 ka cika shi. Da lita ta haura 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024, cikawa ɗaya ta koma sama da 70,000, daidai da mafi ƙarancin albashi na wata guda. Nan da nan silinda shida ta zama abin tsoro ga ma'aikaci. Masu neman Corolla da ƙananan motoci suka ƙaru, jif da yawa suka koma zaman gareji sai ranar Juma'a ko tafiyar biki. Hatta mai haɗin batir da fetur, wadda Toyota ke yi tun ƙirar 2006 kuma a da ake gudunta saboda tsoron batirin, ta fara samun masu tambaya. Motar ba ta canza ba, kuɗin ciyar da ita ne ya canza, kuma mai saye yana cire shi daga tayinsa.

A watan Yunin shekarar ne kuma Babban Banki ya saki naira. Dalar gwamnati da ke wajen 460 ta wuce 700 cikin makonni, ta wuce 1,500 a farkon 2024. Motar da dala ake sayenta, da dala ake biyan jirgi, kwastan ma da canjin ranar take lissafi. Tokumbo ta ninka, ta hannu ta bi bayanta. Wannan shi ne hazon da ya rufe wa maƙwabcina ido: abubuwa biyu ne ke tafiya lokaci guda, motar tana gangarawa a hankali, ma'aunin da ake auna ta da shi yana gangarawa da gudu, sai ya ga kamar motar ce ke hawa. Ɗan uwansa na Maraɗi ko Damagaram da ke ciniki da sefa, wadda ke ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ya samun wannan ruɗin. In ya sayi jif ya hau shekara uku, ƙasa da abin da ya saya zai sayar, ya kuma san ya yi asara, don lambobin da kansu sun faɗa masa.

Duk da haka ba zan ce Alhaji ya yi wauta ba, kuma a nan ne na saɓa da masu yi wa irinsa dariya. Da ya ajiye miliyan 8 ɗin a banki tun 2021, a ƙarshen 2024, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, da dala 5,000 kacal za su saya. Motar ta riƙe masa kusan 9,000, ga shi ya hau. Ta yi asara, amma takardar kuɗi ta fi ta asara. Kuskurensa ɗaya ne, da ya kira abin riba, ya manta da tayoyi da shakazoba da inshora da man da ya sha, ya kuma manta cewa miliyan 14 ɗin ba za su mayar masa da abin da ya fitar ba.

Gangaren yana da ƙasa, ba ya kaiwa sifili. Highlander ta farko, ta 2001 zuwa 2007, yanzu shekara ba ta rage mata komai; mai saye ba ya tambayar ko 2003 ce ko 2005, inji da giya da esi yake tambaya. In ma ta zama akwala, inji da giyabos da ƙofofi da fitilu da indomi kowanne da kuɗinsa, kuma jimillarsu ita ce farashin da ba za ta sauka ƙasa da shi ba. Jif ɗin da babu masu neman kayanta kuwa, ƙasanta kilon 'yan gwangwan ne.

Bayan sati uku da cinikin, Alhaji ya koma wurin dillalin da ya sayar masa da ita tun farko, ya ce a nemo masa irinta sak, 2012, baƙa, Baljiyam. Dillalin ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai guda biyu a ƙasa, amma ƙarshen magana miliyan 20." Yanzu wata farar Corolla yake hawa, kuma ya ce wai don ba ta shan mai ne.